Abin da Ƙungiya Ta Sani Kada Ya Kwana a Kan Mace Ɗaya

Jawabi kan riƙon bayanan ƙungiyar asusu. Jagora ce ke gabatar da shi a gaban dukkan mambobi, a zaman da ke gabanin fara ba da rance. A ajiye akwati a tsakiya, a fito da littattafai kowa ta gan su.



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunku da ƙoƙari. Na san kowace aiki ta baro a gida. Wata ta bar surfe, wata ta bar tukunya a kan murhu, wata da goyo ta zo. Allah Ya saka da alheri, Ya sa wa zaman namu albarka.

Tara kuɗi dai kun iya, tun kafin mu zo kuna adashi. Maganar yau ita ce: abin da ƙungiya ta sani, a ina yake kwana? Wa ya san nawa ne a cikin akwatin nan? Wa ya san wadda ta ci bashi da ranar da za ta biya? Wa ya san abin da muka yanke a kan wadda ta yi fashin zuwa sau uku a jere? Idan amsar duk waɗannan tambayoyi mace ɗaya ce, to ƙungiyar da ƙafa ɗaya take tsaye, ko da akwatin cike yake fal.

Kuɗin da kwaɗo ba ya tsarewa

Ku dubi akwatin nan da kyau. Kwaɗo uku ne a jikinsa, makullan suna hannun mata uku, shi kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta riƙe makulli ko ɗaya. An yi haka ne don kada a bar mace ɗaya da nauyin da zai jawo mata zargi, kuma don kowa ta kwana da kwanciyar hankali.

To amma ga abin lura. Da zarar an fara ba da rance, kuɗin da ke kwana a cikin akwati kaɗan ne. Mafi yawansu suna waje: suna cikin gyaɗar mai ƙuli-ƙuli, suna cikin tunkiyar mai kiwo, suna cikin buhun shinkafar mai turara. Waɗannan kuɗin babu kwaɗon da ke tsare su. Abu biyu ne kawai ke tsare su, rubutu da shaidar waɗanda suka gani da idonsu. Ke nan in mun sa wa akwati kwaɗo uku, muka bar lissafi a hannun mutum ɗaya, mun kulle ƙofa ne mun bar taga a buɗe.

Bari in ba ku misali da lissafi. A ce mu ashirin ne, hannu ɗaya na zubi naira 500 ne. Shekara ta zagayo, aka ƙirga hannayen da aka zuba gaba ɗaya aka samu 2,000, aka ƙirga kuɗi aka samu naira 1,200,000. In an raba, kowane hannu ya zama naira 600. Wadda ta zuba hannu 120 za ta tashi da naira 72,000. Yanzu a ce an manta ba a buga mata hatimin hannu 10 ba. Naira 6,000 ke nan suka bar hannunta, alhali babu wadda ta sata. Kuɗin suna nan cikin akwati, sai dai an raba wa sauran ba tare da sun sani ba. Ita za ta tafi gida tana ganin an cuce ta, magatakarda za ta tafi tana kukan an zarge ta, mu kuma mun ci haƙƙin 'yar uwarmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyoyi da yawa irin wannan ne ke wargaza su, tun kafin a kai ga maganar ɓarawo.

Kuma rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai sun karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka in an ce a rubuta sunanki da abin da kika karɓa, kada ki ce an raina ki ko ba a yarda da ke ba. Kariya ce gare ki, kariya ce ga 'ya'yanki.

Darasi daga matan Maradi

Wata za ta ce, “To Malama, mu da ba mu yi boko ba fa?” Ku saurara. Wannan tsari na akwati da muke bi, a ƙasar Hausa aka haife shi. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi tare da matan karkara a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga nan ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Yawancin matan da suka fara shi ba sa karatu ba sa rubutu. Da ka suke riƙe lissafinsu. Kowa zubi iri ɗaya take yi don lissafi ya yi sauƙi, komai a bainar jama'a ake yin sa, kuma ana maimaita adadin da baki har ya zauna a kan kowa.

Abin da ya riƙe su shi ne, lissafin bai zauna a kan mace ɗaya ba. In ɗaya ta manta, goma sun tuna. Mu yanzu mun samu littafi, alhamdu lillahi, ya ba mu damar wata ta zuba hannu ɗaya wata ta zuba biyar. Amma littafi yana da nasa haɗarin: da ya shigo, sai kowa ta saki jiki ta ce ai an rubuta. Daga ranar da muka daina sauraro saboda an rubuta, mun koma baya, ba mu kai matan farko ba. Abin da muke so shi ne a haɗa biyun, kai da takarda, kowane yana gadin ɗan uwansa.

Ma'ajiya uku

Bayanin ƙungiya wuri uku yake kwana.

Na farko, kawunanmu. Kafin a rufe akwati a kowane zama, masu ƙirga kuɗi su biyu za su ƙirga a kan tabarma kowa na gani, su faɗa da ƙarfi: kuɗin rance kaza, kuɗin taimakon juna kaza. Mu duka mu maimaita. Mako mai zuwa, tun kafin a sa makulli, shugaba ta tambaya, “Nawa muka bari?” Sai an ji daga bakin mambobi, sannan a buɗe a ƙirga. In ya yi daidai, a ci gaba. In bai yi ba, ba a karɓar zubin kowa sai an gano inda bambancin yake. Kuskuren mako ɗaya ana gano shi kafin shayi ya huce. Na wata shida kuwa, sai dai rantse-rantse.

Ga wata dabara kuma. Kowace ta riƙe bashin wadda ke zaune a damanta: nawa ta karɓa, nawa ta biya, nawa ya rage. Shi ya sa muke so kowa ta riƙa zama a wurinta na kullum bisa lambarta.

Na biyu, ɗan littafin kowace mamba. A ciki ake buga hatimi, hatimi ɗaya hannu ɗaya. In kin zuba hannu uku, ki tsaya ki ga an buga uku, sannan a soke gidajen da suka rage a layin wannan rana, don kada wani hatimi ya shiga daga baya. Kada ki koma wurin zamanki sai kin ƙirga da yatsanki. Wannan ba ya bukatar boko. Wadda ta iya ƙirga ƙwai ta iya ƙirga hatimi.

Na uku, babban littafin ƙungiya. A nan ake rubuta waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba, rancen da aka bayar, abin da aka biya, tara, abin da aka fitar daga asusun taimakon juna da dalilinsa, da kuma duk shawarar da aka yanke. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi haddasa rigima. Yau an ce wadda ta makara za ta biya naira 50. Bayan wata huɗu ƙanwar shugaba ta makara, sai a ji wata ta ce ai ba haka aka ce ba. In an rubuta ranar da aka yanke da yawan waɗanda suka ɗaga hannu, magana ta ƙare. Haka maganar kuɗin hidima a kan rance: ko kun amince da shi, ko kun zaɓi wata hanya bayan kun tambayi malamanku, abin da kuka tsayar a rubuta shi cikin dokar ƙungiya, a riƙa karanta wani yanki nata lokaci lokaci.

Ladubban rubutu

Magatakarda, wannan naki ne, amma kowa ta saurara don ku ne masu sa ido.

A rubuta a wurin zama, a lokacin da abin ke faruwa. Babu “bari in na je gida zan cike”. Gida akwai yara, akwai girki, akwai baƙi.

A yi da biro, kada a yi da fensir. Kowane shafi a sa masa lamba tun ranar da aka sayo littafin, daga farko har ƙarshe, don in an yage ɗaya a gane. Kowane zama a fara da kwanan wata.

In an yi kuskure, kada a kankare, kada a dame shi da tawada. A ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a faɗa wa jama'a, shugaba ta sa hannu. Kuskure ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi ne ke zama abin zargi.

A rubuta suna tare da lamba. A ƙungiya ɗaya za a iya samun Hauwa uku, ga kuma wadda ba a kiran sunanta saboda alkunya, kowa da irin laƙabin da take kiranta da shi. Lamba ba ta da kunya kuma ba ta da takwara.

A rubuta kuɗi da alƙaluma, kada a dogara da yadda muke faɗa a kasuwa. Ku da ke kusa da iyaka kun sani: jaka ɗaya a nan naira 200 ce, amma in kin tsallaka Nijar jaka sefa 1,000 ce. Baki yana iya ruɗa mutum, alƙalami a takarda ba ya canzawa. Wadda ta yi Islamiyya ta iya ajami, ita ma marubuciya ce, ƙungiya na iya amfana da ita, in dai akwai wata ta biyu da za ta iya karanta abin da ta rubuta.

Kada kowa ta dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta mata ba. Kuma mai karantawa ta zama daban da wadda ta rubuta. Wannan doka ta shafi littafinmu, ta shafi duk wata takarda da wani zai kawo daga waje, ko wane ne shi, ko da mu ne.

In an gama, littattafai duka su koma cikin akwati a kulle. A sa su cikin leda saboda damina, a ɗora akwatin a kan wani abu saboda gara da laima. To, in gobara ta tashi fa, Allah Ya kiyaye, ko aka ɗauke akwatin ɗungurungum? Saboda haka ne a ƙarshen kowane wata za a kwafi shafi ɗaya tak: lambar kowace mamba, yawan hannayenta, da bashin da ake bin ta. Wannan shafi ya kwana a wani gida daban, ba gidan da akwati yake ba. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya a ɗora wa yaro.

Ranar da magatakarda ba ta nan

'Yan uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Magatakardarmu mace ce kamar kowa. Za ta haihu ta tafi wankan jego gidansu, kwana arba'in ko fiye. Maigidanta na iya samun aiki a wani gari su tashi. Tana iya kwanciya ciwo. Kuma akwai ranar da babu wadda ta san ta sai Allah. In ita kaɗai ta san yadda ake cike littafi, ranar da ba ta nan ƙungiya ta tsaya cik.

Don haka tun yau a zaɓi mataimakiya, ta riƙa zama kusa da ita. Sau ɗaya a wata mataimakiyar ce za ta riƙe biro, magatakarda ta zuba ido tana gyara mata. Da kallo kaɗai ba a iya dambu, sai an sa hannu. Ke kuma magatakarda, kada ki ji kamar za a ƙwace miki matsayi. Darajarki a wurinmu ita ce a ce kin koya wa mata biyu ko uku, har sun iya ba tare da ke ba.

In shekara ta zagayo aka yi zaɓe, kada a miƙa littafi a soro ko a aiko yaro da shi. A gaban kowa ake miƙa shi. A ƙirga littattafai, a duba lambobin shafi, a karanta sunan duk wadda ake bi bashi, ita kuma ta amsa da bakinta ta ce haka ne. Tsohuwa ta sa hannu, sabuwa ta sa hannu. Daga nan nauyi ya sauka daga kan wannan ya hau kan waccan, babu wadda za a bi da magana daga baya. Tsofaffin littattafai kuma kada a ba yara su yi wasa da su, kada a ƙunsa ƙosai da su. Ranar da za ku nemi rajista, ko buɗe asusun banki, ko shiga wani shirin tallafi, su ne za su yi muku shaida cewa kun daɗe kuna aiki da gaskiya.

Mu ma da muke zuwa muku, ba za mu dawwama ba. Aikin kowace hukuma yana da wa'adi. Duk abin da kuka ga ni kaɗai na iya, musamman lissafin ranar rabo, ku tsare ni sai na koya muku. Ku sa ni in maimaita sau uku, ba zan gaji ba. In na tafi da shi a kaina, ban yi muku aikin komai ba.

Wannan hanya ma gadonmu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a shekarar 1864, ba ta bar iliminta a ɗakinta ba. Ta horar da mata da ake kira jaji, su ke jagorantar matan ƙauyuka da aka sani da 'Yan Taru, su zo su koya su koma su koyar. Ta tsara karatun cikin waƙa don wadda ba ta karatu ta iya haddacewa. Ga shi ta daɗe da barin duniya, amma karatun bai bi ta kabari ba.

A ciki a buɗe, a waje a rufe

Yanzu wata za ta ce, “Kin ce kowa ta san komai, to asirinmu fa?” Tambaya ce mai kyau. A cikin da'irar nan babu ɓoye-ɓoye. Amma da mun naɗe tabarma, abin da aka ji a nan ya tsaya a nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abu uku ba sa fita. Na ɗaya, nawa ne a cikin akwati da gidan da yake kwana. Kun san halin da ake ciki na tsaro. Magana ɗaya a bakin rijiya tana iya jefa ma'ajiyarmu da iyalinta cikin haɗari. Na biyu, ranar rabo. Kada a yi shelarta, kuma in kuɗi sun taru da yawa gab da rabo, a yi shawarar inda ya fi aminci a ajiye su. Na uku, bashin 'yar uwa da dalilin da ya sa ta nemi taimako. Wadda ta zo ta ce ɗanta ba lafiya ba ta da na magani, ko ta ce babu hatsi a gidanta, amana ta ba mu. In ta ji maganar a gidan biki, ko a bakin kishiyarta, ba za ta sake buɗe baki ba, sauran ma kowa za ta kama bakinta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Tsakanin mace da maigidanta kuwa, abin da ta zuba da abin da ta ranta nata ne, ita ta san yadda za ta yi shawara da shi. Amma na sauran mata ba nata ba ne balle ta kai gida.

Labarin da ke zuwa daga waje

Akwai kuma bayanin da ba mu muke rubuta shi ba, amma rashin jin sa da wuri yana iya cinye wahalar shekara. Duk kun tuna canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ku tuna yadda aka sha wuya a tsakanin nan, da yadda jita-jita ta yi yawa, yau a ce ana karɓa gobe a ce an daina. Mai ajiyar kuɗi a akwati ta fi kowa bukatar sahihin labari a irin wannan lokaci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Saboda haka a ware mata biyu masu sauraron rediyo, su zama kunnuwan ƙungiya. A kowane zama a ba su ɗan lokaci su faɗi abin da suka ji da ya shafe mu: rigakafin yara ko na dabbobi, rabon taki, hasashen damina, sanarwar banki. Amma duk labarin da aka kawo a yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa? A ina kika ji? Wa kuma ya ji ban da ke? “An ce” ba shi da gida. Kada a taɓa kuɗin akwati saboda “an ce”.

Sai maganar waya. Waya tana da amfani: ana iya ɗaukar hoton shafin ƙarshen wata a ajiye, in dai wayar ta mamba ce kuma tana da makulli, ba wadda yara ke yawo da ita ba. Amma ta nan ne 'yan damfara suka fi shigowa. Wani zai kira ya ce daga banki yake, ko ya ce an zaɓi ƙungiyarku za a ba ta tallafi, ki karanto masa lambar da aka turo miki yanzu. Kada ki karanta. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa. Lambar sirri, da lambar da ake turowa ta saƙo, da lambar BVN, ba a ba wanda ya kira a waya. Wanda kuma ya ce sai kun biya kuɗin fom kafin a ba ku tallafi, ku ce ya zo gaban ƙungiya da mai unguwa ya yi bayani.

In mamba ta biya ta hanyar tura kuɗi, kada a rubuta “ta biya” don an ga saƙo kawai, domin akwai saƙon bogi. Sai an tabbatar kuɗin sun shiga. Takardar da mai POS ke bayarwa kuma rubutunta yana gogewa da kansa bayan ɗan lokaci, musamman in ta sha zafi. A kwafe kwanan wata da adadi da lambar da ke jiki a cikin babban littafi tun tana karantuwa.

Sanin da ke cikin kawunanku

Na bar wannan a ƙarshe don shi ne dukiyar da ba a ƙirgawa ranar rabo. A cikinku akwai wadda ta san irin gyaɗar da ta fi ba da mai. Akwai wadda ta san alamar akuya mai ciwo tun kafin ta kwanta. Akwai wadda ta san yadda ake ajiye wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ya yi watanni ƙwari ba su taɓa shi ba, ba tare da an zuba magani ba. Wata kuma ta taɓa sayen kaya ta yi asara, ta san ramin da ta faɗa. In kowa ta riƙe nata, ƙanwarmu da ta karɓi rancen farko za ta je ta faɗa ramin da yayarta ta riga ta sani. In ta kasa biya kuma, kuɗin wa suka maƙale? Namu duka.

Don haka kafin a ba mace rance, a tambaye ta sana'ar da za ta yi, waɗanda suka san sana'ar su ba ta shawara. Sau ɗaya a wata a ba mamba ɗaya dama ta koya mana abu ɗaya da ta iya. Iyayenmu tsofaffi su fara, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

A kuma ware shafuka a bayan babban littafi don farashi. Farkon kowane wata a rubuta kuɗin tiyar gero, masara, wake da gyaɗa a kasuwar da kuke ci. Bayan shekara biyu za ku ga da idonku lokacin da kaya ke sauka da lokacin da suke tashi a yankinku, har da shekarar da aka saya da kaka don a sayar da bazara amma farashi ya ƙi tashi. Sanin wannan zai sa a yi hattara, kada a zuba jari duka a kaya iri ɗaya.

Kafin mu tashi

Abu biyar nake so mu yi yau, ba gobe ba. Mu zaɓi mataimakiyar magatakarda. Mu sa wa shafukan littafi lamba. Kowa ta dubi wadda ke damanta ta san bashin wa za ta riƙe. Mu tsayar da gidan da shafin ƙarshen wata zai riƙa kwana. Mu zaɓi kunnuwan ƙungiya su biyu.

Kuma ina roƙon kowace ɗaya daga cikinku alfarma guda: in ba ki gane ba, ki tambaya. Ko ke ce ƙarama a cikinmu, ko amarya ce ke da ba ki daɗe a garin ba, kuɗinki ne, haƙƙinki ne a sake karanta miki. Shugaba, in an yi tambaya kada a harari mai tambaya. Matambayi ba ya ɓata, ƙungiyar da ake tambaya a cikinta ma haka.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna da sani ko da mantuwa, Ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, Ya raya mana zuri'a. Yanzu masu makulli su matso. Amma kafin a buɗe, wa za ta faɗa mana nawa muka bari a makon jiya?